Wasiƙa Daga Manchesta: Dalilin Da Ya Sa Ban Ɗauki Ɗan Gwaggo Aiki Ba



 Mu nan lafiya lau muke, sai dai sanyi da yayyafin nan na Manchesta wanda ba ya gajiya.

Wannan karon ba labarin tsadar doya a shagon 'yan Pakistan zan ba ku ba, ko na yadda yarana ke mayar mini da amsa da Turanci in na yi musu Hausa. Magana ce mai nauyi ta zaunar da ni. Labari ya iso ni cewa a bikin da aka yi gidan Kawu wata guda da ya wuce, ni ne na zama goron hira a zaure. An ce kamfanin da nake wa aiki ya nemi ma'aikaci, an ba ni wuƙa da nama, ga ɗan Gwaggo zaune da digirinsa na kwamfuta shekara biyu babu aikin yi, amma na tsallake shi na ɗauki wata Baturiya. An ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Wani ma ya ce tun da na samu takardar zama na daina gane dangi. Gwaggo kuwa, wadda ta goye ni a bayanta lokacin da Inna ke jinya, sau huɗu ina kiran wayarta ba ta ɗaga ba.

Maganar zaure ba ta dame ni sosai ba, shirun Gwaggo ne ya hana ni barci. Saboda haka zan faɗi abin da ya faru sau ɗaya, kowa ya ji, in kuma akwai mai ja sai ya ja da hujja. Kafin in fara rubutun nan na kira yaron na nemi izininsa, ya ce in rubuta, shi ma ya gaji da tambayar da ake yi masa. Taubashina ne, kun san akwai wasa tsakaninmu, amma yau an ajiye wasa.

Bari in fara da irin aikin da muke yi, domin na lura da yawanku kun ɗauka ofis ne irin na ma'aikata, inda mutum zai sa hannu da safe, ya sha shayi, ya jira ƙarshen wata. Kamfaninmu ƙarami ne, mu goma sha huɗu ne har da mai shi. Ba mu da wani kaya namu da muke sayarwa. Wasu kamfanoni ne ke zuwa su ba mu kwangilar gina musu manhaja: wannan mai motocin dakon kaya ne yana son ya san inda kowane direba yake, wannan ƙungiyar agaji ce tana son rajistar waɗanda take ciyarwa, wancan ɗakin shan magani ne yana son mutane su riƙa ɗaukar lokacin ganin likita ta intanet. Kuɗin kwanakin da muka yi musu aiki suke biyan mu. Ke nan mu da tela duk ɗaya ne. An kawo yadi, an ce ranar sallah ake so, in ka ɓata shi kai za ka biya, kuma mai yadin ba zai sake dawowa ba, ba zai kuma turo maka maƙwabcinsa ba.

Mutumin da muka nema kuwa shi ne wanda a wannan sana'a ake kira ful-istak, wato maginin shafin intanet da ya iya aikin tun daga sama har ƙasa. Ku ɗauki shafin intanet kamar gida. Akwai zaure, wato abin da kake gani a wayarka, da rubutu da launi da maɓallan da kake dannawa. Ana gina shi da HTML da CSS da JavaScript, mu kuma muna ƙarawa da React, wanda Facebook ya fitar a 2013. Akwai cikin gida, wato uwar garken da ke karɓar abin da ka danna ta yanke hukunci: wannan mutumin shi ne mai asusun kuwa, yana da ikon ganin wannan bayanin kuwa, lissafin kuɗin nan ya yi daidai kuwa. Mu da Node.js muke wannan. Sannan akwai rumbu, inda ake ajiye bayanan kansu, sunaye da adireshi da lambobin waya da tarihin ciniki. Namu PostgreSQL ne. A manyan kamfanoni kowane ɗaki da nasa ma'aikatan. Mu ba mu da wannan gatan. In kwastoma ya bugo waya ƙarfe tara na safe ya ce direbobinsa sun danna maɓalli amma babu abin da ya shiga, mutum ɗaya ne zai bi sawun matsalar daga zaure zuwa rumbu har ya gano inda ta maƙale, ya gyara, sannan ya kira kwastoman ya yi masa bayani da harshen da zai gane. Wannan shi ne aikin. Babu inda mutum zai ɓuya a cikinsa.

Da muka sa talla, takardun neman aiki sama da ɗari biyu suka shigo cikin mako biyu. Ta ɗan Gwaggo ta iso ni ta WhatsApp, ta hannun mutum uku daban-daban, kowanne da nasa saƙon murya. Abin da na fara yi shi ne na je wurin uwar ɗakina na ce mata wannan ɗan uwana ne, ba zan shiga cikin masu yanke masa hukunci ba. Ta ce babu laifi, ya yi gwajin da kowa ke yi, wani abokin aikinmu ya duba, in ya yi fice za a duba yiwuwar ya riƙa yi mana aiki daga gida a matsayin ɗan kwangila. Ku lura da wannan, masu cewa ban yi masa komai ba. Cikin mutum ɗari biyu, goma sha biyu kaɗai suka kai matakin gwaji, kuma shi ya kai ne saboda na buɗe baki. Iyakar alfarmar da ke hannuna ke nan, kuma na yi ta.

Gwajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka gina ɗan shafi inda direba zai shiga da sunansa da kalmar sirri, ya rubuta kayan da ya kai da wanda ya karɓa, bayanin ya zauna a rumbu, manaja ya iya ganin jerin. Aikin awa huɗu ne, an ba kowa mako guda. Bayan nan sai hira ta awa ɗaya ta bidiyo, inda za ka yi bayanin abin da ka gina, a kuma ce ka canza wani ɗan abu ana kallo.

Nasa ya dawo cikin daren da aka tura masa, kuma a ido ya fi na kowa kyau. Ranar hira abokin aikina ya ce masa ya ƙara gurbi ɗaya, na lambar wayar wanda ya karɓi kaya. Minti ashirin yana neman inda zai sa hannu bai samu ba. Aka tambaye shi me ya sa kalmomin sirrin direbobi ke zaune a rumbu tsirara, yadda duk wanda ya leƙa zai karanta su. Shiru. Aka tambaye shi me zai faru in wani mugu, maimakon ya rubuta sunansa a gurbin suna, ya rubuta umarnin da rumbun zai ɗauka ya aiwatar. Ya ce bai taɓa jin haka ba. Daga ƙarshe, kuma na yaba masa a kan wannan, ya faɗi gaskiya cewa ChatGPT ne ya rubuta masa komai, shi dai ya kwafa ya turo.

Kada wani ya ce don ya yi amfani da ChatGPT aka ƙi shi. Tun da abin ya fito a Nuwamban 2022 muke amfani da irinsa a ofis, ni kaina kullum sai na buɗe. Amma yakan rubuta abu mai kyan gani da rami a ciki, kuma aikin da ake biyan mu a kai shi ne mu karanta mu ga ramin kafin kwastoma ya faɗa. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, me zai gani?

Na san wasunku za su ce ai wannan ƙaramin abu ne, zai koya a bakin aiki. To bari in ba ku labarin abin da wannan ƙaramin abin ya taɓa yi a ƙasar nan. A Oktoban 2015 aka kutsa cikin rumbun bayanan kamfanin sadarwa na TalkTalk ta wannan hanyar da aka tambayi ɗan Gwaggo, wato rubuta umarni a inda ya kamata a rubuta bayani. An kwashi bayanan mutum kusan 157,000, kuma cikin waɗanda aka kama har da yara matasa. A 2016 hukumar kare bayanai ta ci tarar kamfanin fam 400,000, ban da kwastomomin da suka gudu. Wannan ma kafin a tsananta doka ne a 2018. Yanzu tara na iya kaiwa fam miliyan 17.5, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. TalkTalk babba ne, ya shanye. Mu da muke goma sha huɗu, kuskure ɗaya irin wannan a shafin ɗakin shan magani ya isa ya rufe mu, kowa ya koma gida ya gaya wa iyalinsa.

In kuma kuna ganin maganar kuɗi ce kawai, ga wata. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar nan ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina. Manhajar na da kurakurai, takan nuna kuɗi sun ɓace a inda ba su ɓace ba. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum sama da 900 masu kula da ƙananan rassan gidan waya bisa zargin sata ko aringizon lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu ana kallon su ɓarayi a garuruwansu. Sai a 2024 majalisa ta yi doka ta musamman ta wanke su. Waɗannan mutane irin su Kawu ne, masu ɗan shago, waɗanda mutuncinsu shi ne jarinsu. Duk lokacin da na zauna duba aikin wani a ofis, su nake tunawa. Abin da muke rubutawa yakan tafi ya yi hukunci a kan mutanen da ba za mu taɓa gani ba, kuma kwamfuta ba ta tambayar ko ɗan wa ya rubuta.

Sai maganar zuwa Ingila, domin na san a zuciyar da yawa ita ce ainihin maganar. An ɗauka in na ce a ɗauke shi, gobe sai jirgi. Jama'a, ba haka abin yake ba. Kafin kamfani ya kawo ma'aikaci daga waje sai yana da lasisin ɗaukar nauyi daga ma'aikatar cikin gida, mu kuwa ba mu da shi. Ko da muna da shi, akwai mafi ƙarancin albashin da doka ta ce a biya: a Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 38,700 a shekara, a Yulin 2025 aka ƙara zuwa fam 41,700, kuma a sana'armu ta manhaja adadin da ake nema ya ma fi haka. Wa zai biya wannan kuɗin ga wanda bai iya ƙara gurbi ɗaya a shafi ba? Kuma kamfanin da aka kama ya ɗauki wanda ba shi da izinin aiki, tun Fabrairun 2024 tararsa na iya kaiwa fam 45,000 a kan kowane mutum ɗaya a karon farko. Babu wani oga da zan je in durƙusa wa ya ɗaga wannan.

Mu ƙaddara ma duk waɗannan ƙofofin sun buɗe, na yi ƙarya na rufa masa, ya zo. A kamfaninmu wata shida na farko na gwaji ne. Cikin mako biyu za a gane, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. In aka sallame shi, bizar da ke ɗaure da aikin takan ragu zuwa kwana 60, ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara ya koma. Ya dawo gida da bashin kuɗin jirgi da na biza, da kunyar da ba zai iya faɗa wa kowa ba, ni kuma maganata ta zube a ofis, yadda gobe in wani yaronmu da ya cancanta ya zo ba wanda zai saurare ni. Ku gaya mini, wannan ne zumuncin da kuke so in yi?

Wani abokina ya rubuto mini ya ce ai Turawa ma suna yi wa nasu hanya. Gaskiya ne, suna yi. A sana'armu kamfanoni da yawa har kuɗi suke ba ma'aikacin da ya kawo mutumin da aka ɗauka. Amma wanda ka kawo zai zauna gwajin da kowa ya zauna, kuma in ya kasa, an gama. Hanyar da ake yi maka ita ce a ciro takardarka daga cikin ɗari biyu a karanta, kuma ita ce na yi wa ɗan Gwaggo.

Kuma ba sai mun je Ingila neman wannan hikimar ba, muna da ita a gida. Ina tambayar Kawu, wanda a zaurensa aka yi hirar: cikin yaran dangi nawa ka taɓa miƙa wa littafin bashi da makullin shago a Kantin Kwari ranar da suka fara zuwa? Babu ko ɗaya. Shekara biyu yaro zai yi yana ɗaukar dila, yana koyon bambanta shadda da shadda, kana aika shi da ƙananan kuɗi kana kallon canjin da zai dawo da shi. Ni kaina na yi wannan a hannunka a hutun makaranta, kuma ban taɓa jin an ce ba ka da zumunci ba. An ce kai ɗan kasuwa ne mai hankali. To me ya sa abin da ya zama hankali a kasuwa ya zama rashin mutunci da aka zo kan kwamfuta?

Amsar ita ce takarda. Mun mayar da digiri wani abu da ba a tambayar sa. Yaron da aka kai koyon ɗinki, bayan shekara ɗaya uwarsa za ta ce ya ɗinka mata zani ta gani. Wanda aka kai gareji, za a ce ya duba mashin ɗin gida. Amma wanda ya yi shekara huɗu ko biyar yana karatun kwamfuta, dukanmu mun haɗa kuɗin makarantarsa, mun yi walimar kammalawarsa, kuma babu ko mutum ɗaya cikinmu, har da ni da nake cikin sana'ar, da ya taɓa ce masa ya nuna mana abin da ya gina. Wannan laifin namu ne, kuma nawa ya fi na kowa.

Shi ma yaron an cuce shi. Ya gaya mini cewa a jami'arsu da biro da takarda suke rubuta manhaja a jarrabawa, ɗakin kwamfuta kuwa in akwai wuta babu makulli, in akwai makulli babu wuta. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zaunar da su wata takwas a gida. Kundin kammala karatunsa, kamar na rabin ajinsu, saye aka yi a bakin ƙofar makaranta. Aka miƙa masa takarda aka ce ya zama masani, ya yarda, mu ma muka yarda.

Sana'armu ma tana da nata kason. Tallan neman ma'aikata da kamfanonin manhaja ke sawa da yawansu abin kunya ne: a jero fasahohi ashirin, a ce mutum ɗaya ya ƙware a duka, a albashin mutum ɗaya. A 2020 wani ɗan Kolombiya mai suna Sebastián Ramírez ya ba da labarin ya ga talla ana neman wanda ya yi shekara huɗu yana aiki da FastAPI, alhali shi ne ya ƙirƙiro FastAPI ɗin, kuma lokacin bai wuce shekara ɗaya da rabi da yin sa ba. Irin waɗannan tallace-tallace su ke koya wa yara ƙarya. Yaro ya ga ana neman abu ashirin, sai ya rubuta ya iya ashirin. Ɗan Gwaggo harsunan manhaja goma sha huɗu ya jero a takardarsa, ni da na yi shekara goma sha biyu a aikin nan uku zan iya bugun ƙirji da su. Namu tallan ma da farko haka aka rubuto shi, sai da na yi rigima aka rage shi zuwa abu biyar. Don haka ban ɗauki yaron maƙaryaci ba. Abin da ya ga ana yi ya yi. Sai dai fahimtar dalilin da ya sa mutum bai iya aiki ba, ba ta sa ya iya.

Yanzu bari in gaya muku wadda muka ɗauka. Da farko ba Baturiya ba ce, haifaffiyar nan ce amma iyayenta 'yan Bangaladash ne. Ba ta da digirin kwamfuta. Shekara shida ta yi a ofishin wani kamfanin dakon kaya tana tsara wa direbobi hanya, da dare take koyon aikin nan bayan 'yarta ta yi barci. Gwajinta bai kai na ɗan Gwaggo kyan gani ba, kuma ba ta ma gama komai ba. Ta haɗo da 'yar takarda tana cewa ga abu biyu da lokaci bai ishe ta ba, ga kuma yadda za ta yi su. Kalmomin sirri ta rufe su yadda ya kamata. Da aka ce ta ƙara gurbin lambar waya, minti shida ta yi, daga zaure har rumbu. Sannan ita ta juyo ta tambaye mu: me ya kamata ya faru in direba yana inda babu sabis ya danna maɓalli sau uku, kayan sau uku za su shiga ko sau ɗaya? Wallahi mu da muka tsara gwajin ba mu yi tunanin wannan ba. Da aka yi mata wata tambaya da ta fi ƙarfinta, ta ce ba ta taɓa yin sa ba, amma ga inda za ta fara dubawa. Mutum uku suka yi hukunci, ban da ni, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

In da ɗan Gwaggo ne ya yi abin da ta yi, ita kuma ta yi abin da ya yi, aka ɗauke ta saboda ƙanwar wani ce a ofis, da me za ku kira wannan a zaure? Da kun ce wariyar launin fata ce, da kun ce zalunci ne, kuma da kun yi gaskiya. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, abin da ke kare mu kullum shi ne a duba aiki a bar fuska. Ni ma haka na shiga, ba ni da kowa a kamfanin. Ba zan zama wanda zai rushe katangar da nake fakewa a bayanta ba.

To me na yi wa yaron, tunda ana cewa naka sai naka? Ga shi, kuma na faɗa a bainar jama'a ne domin ku riƙe ni a kai. Na aika masa da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannun wani da ya taho gida. Kuɗin data na wata shida yana wuyana. Kowace Lahadi da yamma muna zama awa ɗaya ta bidiyo, yana nuna mini abin da ya rubuta da hannunsa, ina tambayar sa layi-layi. Yana bin darussan freeCodeCamp da kwas ɗin CS50 na jami'ar Habad, dukansu kyauta ne a intanet. Na hana shi taɓa ChatGPT na wata uku, bayan nan ya yi amfani da shi yadda muke yi. Aikin da na ba shi kuwa na gaske ne: ya gina wa Kawu shafin da zai riƙa ajiye lissafin masu karɓar kaya bashi, wanda yaran shago za su iya amfani da shi a wayarsu, ko da sabis ya ɗauke. Duk abin da ya rubuta yana ɗora shi a GitHub, inda duk mai neman ma'aikaci zai iya leƙawa ya ga aikin da ranar da aka yi shi. Kawu, in ya kawo maka, don Allah ka yi amfani da shi, in ya ba ka haushi ka gaya masa ba tare da sakayawa ba. Kwastoma mai faɗa shi ne malamin da bai samu ba a jami'a.

Ban yi masa alkawarin aiki ba, kuma ku ma kada ku yi masa a madadina. Kasuwar ta yi wa sabbin shiga tsauri a 'yan shekarun nan, a nan da can duka. Amma sana'a ce da ake iya yi daga Kano kamar yadda ake yi daga Manchesta. Paystack, wanda wasu matasa biyu 'yan Najeriya suka kafa, a Legas ya girma har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Abin da zan iya cewa shi ne, a Lahadi ta uku da muka zauna, yaron ya gano wani kuskure a aikinsa da kansa kafin in nuna masa, kuma na ji yadda muryarsa ta canza. Shekara biyu yana zaune da digiri ban taɓa jin wannan muryar ba.

Roƙona gare ku duka shi ne, daga yau in za ku turo mini takardar wani yaro, ku haɗo da abin da ya gina. Ko ƙarami ne, ko mummuna ne, in dai nasa ne zan duba, zan kuma ba shi lokacina. Takarda tsura da saƙon murya kuwa, amsar da ɗan Gwaggo ya samu ita kowa zai samu, ko da ɗan cikina ne.

Gwaggo, na san wani zai karanta miki wannan. Ban manta goyo ba, ban manta kunun da kike ajiye mini a bayan randa ba. Na san abin da kike gani kullum: yaro a ɗaki, ƙannensa na kallon sa, maƙwabta na tambaya. In akwai inda na yi kuskure, shi ne da ban zauna da shi tun yana aji biyu na tambaye shi abin da yake koya ba, kuma a kan wannan ina neman gafararki. A kan ƙin ɗaukar sa aiki kuwa, in aka sake kawo ni wurin, abin da na yi shi zan sake yi. Ranar Juma'a bayan la'asar ta gida zan sake kira. Don Allah ki ɗaga, ko faɗa ne ki yi mini, na fi son sa da shirun nan.

A gaida Inna da Kawu da Baffa, a gaida su Yaya da yara duka. Masu tambayar maganin ciwon gwiwa, yana cikin jakar da kwamfutar ta zo.

Wassalam.

Naku a kullum, daga Manchesta.